Patrick Henry: muryar 'yanci ne, ko daɗin baki ne kawai?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen wani taron ɗalibai, wani ya rufe jawabinsa da cewa, "Ko a ba ni 'yanci, ko a ba ni mutuwa, in ji Patrick Henry." Wuri ya kaure da tafi. Da na koma ɗaki sai na ɗan bi diddigin maganar, ga abin da na fito da shi, mai ja ya ja. Mutumin nan, ɗan siyasar Virginia na zamanin yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga Birtaniya, bai cancanci sunan muryar 'yanci da Amurkawa suka laƙaba masa ba. Ranar da aka ce ya yi jawabin, wato 23 ga Maris 1775, babu wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Sai a 1817 jawabin ya ɓullo a littafin tarihin rayuwarsa da William Wirt ya rubuta, shekara 42 bayan an yi taron, shekara 18 bayan mai maganar ya shiga ƙasa. Sannan mai neman 'yanci ko mutuwa ɗin nan ya mutu a 1799 da bayi 67 a hannunsa, ko ɗaya bai 'yanta ba. Ni a wurina ɗan baki ne da Allah ya ba farin jini.

Malam Iliya: Wa alaikumus salam. Nura, ka zo da zafinka. Maganarka ta farko akwai ƙamshin gaskiya, bari ma in ƙara maka makami. Shi Wirt an haife shi a 1772, ka ga ranar jawabin yana ɗan yaye. Bai taɓa jin muryar Henry ba. Wasiƙu ya yi ta aika wa dattawan da suka ga zamanin, wanda ya fi dogara da shi kuwa alƙali St. George Tucker ne, wanda ya saurari jawabin yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya zo yana tuno shi da furfura. Wasiƙar Tucker ɗin ma ta ɓata. In da a gaban malaman hadisi ne, da sun ce sanadin nan da sauran magana.

Amma raunin lafazi daban, aukuwar abu daban. An yi taron a cocin da yanzu ake kira St. John a Richmond. George Washington yana zaune, Thomas Jefferson yana zaune. Henry ya kawo ƙudurin a shirya dakarun sa-kai na Virginia, manya suna cewa a dakata tukuna ko Landan za ta sauko, ya miƙe ya yi magana, aka kaɗa ƙuri'a ƙudurinsa ya wuce da ƙyar. Wucewar ƙudurin tana cikin takardun taron. Ba a cika wata guda ba aka fara harbe-harben yaƙin a Lexington da Concord, ranar 19 ga Afrilu. To ko da wace kalma ya yi, ya juya ɗakin.

Nura: Allah ya gafarta Malam, ai kun ƙarfafa ni. In kalmomin na Wirt ne da Tucker, me ya sa ake koya wa yara su haddace da sunan Henry?

Malam Iliya: Saboda suna da daɗin haddacewa, ɗana.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in sa baki, tunda ni a jihar nake zaune. Na je cocin nan da yarana wata ranar Lahadi da bazara, lokacin da suke kwaikwayon taron. Ɗan ƙaramin gini ne na katako, fari, a kan tudu, kewaye da kaburbura. Kujerun ciki kamar akwatuna suke, kowane da ƙofarsa, kana zama sai kai kawai ake gani. 'Yan wasan suna zaune a tsakaninmu da gashin roba da dogayen riguna, wannan ya miƙe ya ce a yi haƙuri, wancan ya miƙe ya ce a'a. Da wanda ya fito a Henry ya zo ƙarshe, sai ya haɗa hannuwa kamar an ɗaure shi da sarƙa, ya fizge, ya ɗaga 'yar wuƙar buɗe wasiƙa ya yi kamar zai soka a ƙirji. Wallahi tsigar jikina ta tashi, ni da ba kakana aka yi wa harajin ba. A waje mai zagayawa da mu ya nuna mana kabarin Edward Carrington, wanda aka ce ta taga ya saurari jawabin ya ce in ya mutu a binne shi a wurin.

Amma Nura ƙanena, abin da ya tsaya min shi ne sarƙar. Muna gangarowa daga tudun sai ga unguwar Shockoe, inda daga baya, a ƙarni na 19, aka yi ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na Amurka. Ɗiyata ce ta ce, "Umma, su wa aka ɗaure da sarƙar gaske?" Na rasa ta cewa har muka isa mota.

Barista Zainab: Ni ba ta jawabin nake ba. Ku bar 1775, ku koma 1763, inda muke da shaida daga bakin abokin gaba, wadda ita ce mafi tsada a wurinmu lauyoyi.

Mutumin nan an haife shi ranar 29 ga Mayu 1736 a gundumar Hanover. Ya buɗe kanti ya karye. Ya yi aure yana ɗan shekara 18, surukinsa ya ba su gona da bayi shida, noman bai yi albarka ba, gidan ma ya ƙone. Ya koma yana taya surukin hidimar baƙi a masaukin da ke daura da kotu. Daga nan ya ɗauki littattafan shari'a ya karanta da kansa na ɗan lokaci, ya tafi Williamsburg a 1760 manyan lauyoyi suka yi masa tambayoyi suka sa masa hannu. Mu da muka sha wuyar makarantar lauyoyi in muka karanta wannan sai mu ji kamar mu yi kuka.

Ga shari'ar. A Virginia ta lokacin, taba ce kuɗi. Doka ta ce kowane limamin cocin Angilika, cocin gwamnati kenan, za a biya shi laba 16,000 ta taba a shekara daga harajin jama'a. Aka yi fari a 1758, taba ta yi tsada, laba ta tashi daga kwabo biyu zuwa wajen kwabo shida. Majalisar Virginia ta yi doka ta wucin gadi cewa a biya da kuɗi a kan kwabo biyu, don kada manoma su tagayyara. Limamai suka kai kuka Ingila, fadar sarki ta soke dokar. Sai wani limami, James Maury, ya shigar da ƙara yana neman cikon albashinsa, kuma kotu ta riga ta ba shi gaskiya. Abin da ya rage shi ne mutanen gari goma sha biyu da ake zaɓowa su taimaka wa alƙali su faɗi nawa za a biya shi. A nan aka ɗauko Henry, yana ɗan shekara 27, shari'ar da kowa ya ɗauka ta mutu. Wanda ke jagorantar zaman kotun kuma mahaifinsa ne, John Henry.

Bai tsaya lissafin taba ba. Ya ce sarkin da ya soke dokar da ke amfanar talakawansa ya tashi daga uba ya koma azzalumi, kuma ya zubar da haƙƙinsa na a yi masa biyayya. Lauyan Maury ya miƙe ya ce wannan cin amanar sarki ne. Mutanen suka fita, 'yan mintoci suka dawo, suka ce a biya limami kwabo ɗaya. Kwabo ɗaya tak, a ƙarar da ake maganar kusan fam 300. Kuma Maury da kansa ne ya rubuta labarin cikin wasiƙa, da zafinsa, kwanaki kaɗan bayan zaman. Shekara goma sha biyu kenan kafin yaƙi. Nura, wannan ma Wirt ne ya ƙirƙira?

Nura: Anti Barista, ba Wirt ba ne, na yarda. Amma ki ƙarasa wasiƙar mana. Maury ya ce bayan an tashi Henry ya same shi ya ba shi haƙuri, ya ce shi ba da wata manufa ya yi ba sai don ya yi suna. Kin ga ɗan siyasa tun daga tushe.

Barista Zainab: Wanda aka kayar ne ya faɗi haka, kuma babu na uku a wurin.

Nura: Yanzu kika ce shaidar abokin gaba ita ce mafi tsada.

Barista Zainab: In ya faɗi abin da ke ƙona shi, tana da tsada. In ya faɗi abin da ke sanyaya masa rai, sai a auna. Ka zo ofis in koya maka.

Malam Iliya: To ku saurara, akwai wadda ta fi wannan kama da abin da Nura ke nema. A 1765 Henry ya shiga majalisar Virginia, bai fi kwana goma da rantsuwa ba ya kawo ƙudurori a kan harajin kan sarki da majalisar Birtaniya ta ɗora wa takardun kotu da jaridu da lasisi. Hujjarsa ita ce babu mai ikon ɗora wa mutanen Virginia haraji sai wakilan da suka zaɓa. Labarin da aka saba bayarwa shi ne ya ce Kaisar ya gamu da ajalinsa a hannun Brutus, sarki Charles na Ɗaya a hannun Cromwell, George na Uku, sarkin Ingila na lokacin, kuma... sai aka yi ta ihun cin amana, shi kuma ya tsaya ƙyam bai janye ba. Sai a 1921 aka buga littafin tafiye-tafiyen wani Bafaranshe da ya tsaya a bakin ƙofa ranar. Shi cewa ya yi da shugaban majalisa ya tsawata, Henry ya nemi afuwa, ya ce shi mai biyayya ne ga sarki har ɗigon jininsa na ƙarshe.

Ni wannan bai rage shi a idona ba. Wanda ya san inda igiya take, ya taka ta ya ja da baya, ya fi amfani ga jama'arsa da wanda aka rataye. Ƙudurori biyar suka wuce, ya hau dokinsa ya tafi gida, washegari dattawa suka goge na biyar. Jaridun sauran yankuna kuwa suka buga har da waɗanda ba a amince da su ba, kamar duk majalisa ta yarda. Abin da ya kunna wutar kenan.

Danjuma: Barka da yamma Baba Iliya, barka jama'a. Ni abin da ke ɗaure min kai game da shi batun addini ne. Yana yaro mahaifiyarsa tana kai shi sauraron wa'azin Samuel Davies, fasto ɗan Presbyterian, alhali kawunsa limamin Angilika ne. Da ya zama lauya ya tsaya wa masu wa'azin Baptist da ake kullewa saboda sun yi wa'azi ba lasisi. Mu da muka san zama 'yan tsiraru a gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a 1784 shi ne ya tsaya kai da fata a sa wa kowa haraji don biyan masu koyar da addinin Kirista, kowa ya zaɓi cocin da kuɗinsa zai je. James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yaƙi abin. Da suka ga ba za su iya da bakinsa a zauren majalisa ba, sai aka zaɓe shi gwamna, ya bar zauren, ƙudurin ya mutu, dokar 'yancin addini da Jefferson ya tsara ta wuce a 1786. A wannan tsakanin ne Jefferson ya rubuta wa Madison daga Faransa cewa abin da ya rage musu shi ne su duƙufa addu'ar mutuwar Henry. Mutumin da ya kayar da limamai a kan kwabo ɗaya, shekara 21 bayan haka yana nema musu haraji.

Malam Iliya: Danjuma, shi a ganinsa yaƙi ya lalata tarbiyya, coci-coci sun zama kango, kuma jamhuriya ba ta tsayuwa in mutane ba su da tsoron Allah. Ban ce ya yi daidai ba. Washington ma bai ga aibun ƙudurin ba da farko.

Nura: Duk kun kewaye maganar bayi kamar kuna kewaye rijiya.

Barista Zainab: Ba mu kewaye ba, muna zuwa. Kuma a nan ba zan kare shi ba, don shi ma bai kare kansa ba. A watan Janairu 1773 ya rubuta wa Robert Pleasants, wani ɗan ɗariƙar Quaker mai yaƙi da bauta. Ya ce bauta ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, ta saɓa wa 'yanci. Sannan ya ce wa zai yarda cewa shi kansa ubangidan bayi ne da ya saya da kuɗinsa, wahalar zama babu su ce ke jan sa, ba zai ba kansa gaskiya ba, ba ma zai iya ba. Da hannunsa ya rubuta wannan, babu Wirt babu Tucker. A kotu wannan iƙirari ne.

Hajiya Rabi: To ai wannan ya fi muni, Barista. Wanda bai sani ba a yi masa uzuri. Shi ya sani, ya rubuta, ya ƙara saye.

Malam Iliya: Hajiya, a auna mutum da zamaninsa. Yana gwamna a 1778 Virginia ta hana shigo da bayi daga ƙetare.

Nura: Malam, da girmanku, wannan mudun ba zai auna ba. Hana shigowa bai kwance sarƙar kowa ba, ƙara wa bayin da ke hannun masu gonaki daraja ya yi. Zamaninsa kuma ai shi ne zamanin Pleasants, wanda ya 'yanta nasa bayan dokar 1782 ta ba da dama. Shi ne zamanin Robert Carter na Uku, wanda a 1791 ya rubuta takardar 'yanta mutum fiye da 450. Washington da suka mutu shekara ɗaya da Henry ya bar wasiyyar a saki nasa. Hanya a buɗe take, maƙwabta suna bi. Kuma kada mu manta, a Nuwamba 1775 gwamnan Ingila Lord Dunmore ne ya yi shelar 'yanci ga bayin 'yan tawaye da suka gudo wurinsa. Ba don Allah ya yi ba, dabarar yaƙi ce, amma in kai bawa ne a gonar Hanover, daga wane ɓangare ka ji kalmar 'yanci da ta shafe ka?

Malam Iliya: Na karɓi wannan. Na janye mudun.

Danjuma: Yau Baba ya sauko, a rubuta ranar.

Malam Iliya: Na sauko a kan bayi, ban sauko a kan "ɗan baki kawai" ba. Ɗan baki ba a ba shi gwamna sau biyar. Shi ne gwamnan farko bayan an kori na sarki, daga 1776 zuwa 1779, ya dawo daga 1784 zuwa 1786. Kujerar ba ta da ƙarfi, majalisa ke zaɓe, shekara ɗaya ɗaya, ba ka da ikon ƙin sa wa doka hannu, komai sai da 'yan majalisar shawara. Da wannan guntun ikon ya riƙa tura wa sojojin Washington abinci da tufafi lokacin da suke cin baƙar wuya a Valley Forge. Da aka aiko masa da wasiƙa marar suna ana zuga shi a kan Washington, sai ya naɗe ta ya aika wa Washington ɗin. Shi ya ba George Rogers Clark izini a asirce ya tafi yamma, ya ƙwace garin Kaskaskia a 1778 da na Vincennes a 1779 daga hannun Ingila.

Babban aikinsa a wurina ma kayen da ya sha ne. Ya ƙi zuwa taron rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a Philadelphia a 1787. Da aka kawo kundin gaban wakilan Virginia a watan Yuni 1788, ya yi makonni yana sukar sa. Ya tambaya wa ya ba su izinin cewa "mu jama'a" maimakon "mu jihohi". Ya ce shugaban ƙasa mai riƙe da soja zai iya rikiɗa ya zama sarki. Ya ce ina aka rubuta 'yancin addini, da na jarida, da haƙƙin mutum a gaban kotu? Aka kaɗa ƙuri'a, 89 da 79, ya faɗi. Amma matsin da shi da irinsu George Mason suka yi ne ya sa Madison ya ɗauki alkawarin gyara, gyare-gyare goma na farko suka shiga kundin a 1791. Wannan muhawara kuwa akwai mai rubutawa a zaune, ba tunanin tsoho ba ce.

Barista Zainab: Kuma a cikin wannan rubutun ne, Malam, ya tsoratar da wakilai cewa gwamnatin tarayya in ta samu wannan iko za ta iya 'yanta musu bayi. Cikin abubuwan da ya lissafa a matsayin haɗari kenan. Bayan ya faɗi kuma ya yi amfani da rinjayensa a majalisar jiha ya hana Madison kujerar sanata, aka yanka masa mazaɓar majalisar wakilai da za ta haɗa shi takara da James Monroe. Madison ya ci duk da haka.

Hajiya Rabi: Wani abu da ba a cika faɗa ba. Na je gidansa na Scotchtown. Matarsa ta farko, Sarah, ta samu taɓin hankali bayan haihuwarta ta shida. Akwai asibitin masu wannan lalura da aka buɗe a Williamsburg a 1773, bai kai ta can ba, a wani ɗaki na ƙasan gidan aka ajiye ta ana kula da ita har ta rasu a farkon 1775. Wasu na cewa rufin asiri ne, wasu na cewa tausayi ne, don asibitin lokacin da kurkuku ba su da maraba. Ni da nake aikin jinya na daɗe a tsaye a ɗakin nan. Makonni kaɗan bayan rasuwarta ya je Richmond ya yi jawabin da muke ta faɗa a kai. Ban kawo don in wanke shi ba.

Nura: To ni dai na rage kuɗin da'awata. Na cire "kawai". Lauya ne na gaske, gwamna ne da ya yi aiki. "Muryar 'yanci" ce har yanzu ba ta wuce min maƙogwaro ba, sai dai a ce 'yancin masu gona.

Malam Iliya: Kafin in tashi salla. A ƙarshen rayuwarsa Washington ya yi masa tayin sakataren harkokin waje, ya ƙi. Ya yi masa tayin alƙalin alƙalai, ya ƙi. 'Ya'ya 17 ya haifa tsakanin mata biyu, ga bashi, sai ya koma aikin lauya da sayen filaye. A 1799 Washington ya roƙe shi ya dawo majalisar jiha, ya tsaya ya ci, amma ya rasu a gidansa na Red Hill ranar 6 ga Yuni kafin ya zauna. Tare da wasiyyarsa aka samu wata takarda a liƙe. Da aka buɗe, kwafin ƙudurorin 1765 ne, da bayaninsa a baya na yadda ya rubuta su shi kaɗai ba tare da shawarar kowa ba. Abin da ya so a tuna shi da shi kenan. Jawabin coci ko ambatonsa bai yi ba.

Nura: Ita kuma wasiyyar da ke gefen takardar, Malam, a cikinta aka raba mutum 67 tsakanin matarsa da 'ya'yansa.

Malam Iliya: Haka ne. An kira salla, sai na dawo.